Gyaran da Aka Dawo Masa da Shi Sau Bakwai

A ɗakin jira na tashar mota na tarar da wani mutum zaune da kwamfuta a cinya, an ɗaure murfinta da salatif. Furfura ta fara cin gemunsa. Yana bin wani saƙo da yatsa, yana ta tsaki, har na kasa haƙuri.

"Malam, lafiya?"

"Ina fa lafiya, ɗan'uwa!"

Shekara biyu ke nan, in ji shi, yana koya wa kansa gyaran uwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ɓangaren da ke haɗa ta da intanet. Ya gano kuskure: in layi ya yanke ya dawo, sai komai ya cije. Sau bakwai yana tura gyaransa ga manyan masu kula da aikin.

"Kullum amsa ɗaya, wai sun gwada ba su ga matsala ba. Yo ina za su gani? Layinsu ya taɓa yankewa?"

Ina jin akwai mata a gida da ta gaji da jin "saura kaɗan".

Ya danna zai tura na takwas. Layi ya ɗauke, kwamfutar ta cije. Ya ɗauki hotonta da waya.

"Ga shaida," ya ce. "To, da me zan tura musu?"