Malam Ɗantala da Bayanin Ruwan Shuka

Ranar rabon naman layya na fara jin sunansa, a tsakar gidanmu na Gumel. Inna, kakata, ta ware wata tsoka ta ce, "Wannan ta Ɗantala ce, in an samu mai zuwa Ɗanzomo." Ba a samu ba, aka soye aka cinye. Da na tambaya, ta ce ƙanenta ne na wajen uba. Shekara talatin ya yi yana malamin gona tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Matarsa Tayyiba ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Legas, shi kuwa ya ƙi barin gidan.

"To me yake yi yanzu?"

"Wai koyar da inji yake yi. Ni dai ban gane ba."

Sai bayan na gama sakandare na je. Na same shi a zaure, kwamfuta a kan turmin da aka kife, wayar sola ta biyo ta taga.

"Amarya, sai yau? Har na fara neman wata."

"Wa za ta aure ka da wannan furfurar?"

Ya yi dariya har da tari. Daga baya na lura, in ban da maƙwabcinsa Ilu da ke leƙowa bayan la'asar, ba mai shiga zauren nan.

Aikin nasa kuwa ga shi. Wani kamfani a birni ya yi manhajar da manomi zai kira a waya ya yi tambaya, ita kuma ta amsa da bakinta. An ba ta kayan aiki iri-iri: wani na duba ruwan sama, wani na gane cutar gero daga hoto, wani na kiran malamin dabbobi. Kowanne an rubuta masa ɗan bayani, kuma da bayanin nan kaɗai take zaɓar wanda za ta ɗauka. Shi Malam Ɗantala, da nake kira Kaka, karanta bayanan yake yi ya ba su maki, daga ɗaya zuwa biyar.

"Ita baƙuwa ce," in ji shi. "Ba ta taɓa taka yashin nan ba. Abin da ba a rubuta mata ba, babu shi."

Akwai bayanin da ya hana shi sakat, na kayan duba ruwan sama. An rubuta: "Yana faɗin ko za a yi ruwa a garin da aka ambata." Shi ke nan. Biyu ya ba shi. A wajenmu mutane da yawa binne suke yi, su zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, ya same shi a ciki. In yayyafi ne kawai, irin ya tsiro, rana ta ƙone shi. Don haka mai binne yana bukatar ya san yawan ruwan, da kuma ko wani zai biyo baya da wuri. Kayan yana iya faɗin wannan, amma bayanin bai ce ba, manhajar kuwa ba ta nema.

Sau uku yana tura gyara, damina na ƙaratowa. Amsar ɗaya ce kullum: an karɓa, an gode. Bai taɓa ganin fuskar kowa a kamfanin ba, ko muryarsu bai sani ba.

Ilu bai yi shawara da shi ba. Ya kira manhajar ta ce za a yi ruwa ran Alhamis, ya kwashi irin da ya ɓoye tun kaka ya binne. Aka yi yayyafin da ko kaji bai kora ba, sannan kwana goma sha biyu sama ta yi fes.

Da na koma, na tarar Kaka ya buɗe saƙonninsa uku yana kallo.

"Karanta min wannan, Naja'atu."

Na karanta: "Bayanin bai isa ba. Ku tuna da masu binne."

"Me kika gane?"

Na ce gaskiya, da ban ji daga bakinsa ba, da ban san ana shuka babu ruwa ba.

"Ke da aka haifa a Gumel. To ina ga yaron da ke zaune a ofishin kamfanin?" Ya cire tabarau ya goge. "Ni ma biyu zan ba kaina."

A ranar ya rubuta shafi guda, tun daga yadda ake sarar busasshiyar ƙasa. Bayan sati biyu aka canza bayanin. Ba wanda ya kira shi. Ilu ya samu iri a wajen surukansa ya sake shuka a makare, amma ya ɗauke ƙafa daga zauren, gaisuwa sai a masallaci.

Kaka ya rasu bara, gero na fitar da kai. Ni aka ba litattafansa na rubutu guda bakwai, don ba mai so.

Ranar da ya rubuta wancan shafin, ya rako ni bakin titi muna jiran mota. Ya ce, "Duk Juma'a ki zo ki karanta abin da na rubuta kafin in tura, ki nuna min inda ba ki gane ba. In ma babu abin karantawa, ki zo dai."