Ƙafar Hagun Malam Musbahu

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar ƙaramar mota a cikin birnin Kano ya san Malam Musbahu na Gwammaja. Dogo ne siriri, jikan Fulani, amma ko tatsar saniya bai iya ba. Tun yana saurayi ya shige ƙarƙashin mota, a can kuma furfura ta same shi. Starlet, Golf, tsofaffin Datsun, duk wadda sauran kanikawa suka ce ta gama yayi, wurinsa ake turo ta. Ba ya saurin kwance komai. Sai ya ce a tayar, ya kara kunne jikin bonet, ya lumshe ido, can ya faɗi ciwon. Babur kuwa ba ya ma lissafa shi a abin hawa. Rabin mota yake ce masa, kuma bai taɓa ɗora ƙafa a kansa ba.

Ana nan sai aikin faɗaɗa titi ya cinye garejinsu, kanikawa suka koma can bayan gari. Matasa ba su damu ba. Shi kuwa Malam Musbahu kwastomominsa dattawa ne, motocinsu ma dattawa, in sun mutu a ƙofar gida ba mai jan su zuwa wannan uwa duniya. Sai dai shi ya je musu. To ta yaya? Lungunan Sheshe da Yakasai da ƙyar mota ke ratsa su, akwatin sifanu kuma ya fi ƙarfin kafaɗar mai shekara sittin da ɗoriya.

Babban ɗansa Nazeer, ma'aikacin ofis, ya ga abin ya zo daidai. "Baba, ka huta haka nan. Mun isa mu riƙe gida."

Ya gwada hutun. Ya zauna a dakali yana amsa gaisuwar masu wucewa, waya na ta ƙara a aljihu, wannan batir, wancan filogi, shi kuma yana ba da haƙuri. Bai taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba. Rannan dai ya shafa wa idonsa toka ya nufi gidan Isyaku, taubashinsa, wanda ya tsufa yana raba burodi a shaguna a kan babur. Tsakanin taubasai ba a jin kunyar tsiya, Isyaku kuwa ya daɗe yana jiran wannan rana.

"Wa nake gani? Sarkin mota ne ya zo roƙon rabin mota?"

"Kai dai koya mini, ka bar surutu."

"Sai ka ce ranka ya daɗe, malam."

Ya faɗa, yana cije baki.

Da hantsi suka shiga filin makarantar firamare, ranar da babu karatu. Tafiya ba ta ba shi wuya ba, mutumin da ya san numfashin inji ba a koya masa totur. Tsayawa ce ta zama masifa. Shekara da shekaru, in zai tsaya a mota, ƙafarsa ta hagu kuloci take takawa, sauran jiki kuma yana zaune abinsa, mota ta tsaya da ƙafafunta huɗu. A babur kuwa giya ce a wurin. Da ya ja birki sai ƙafar ta danna giya, babur ya yi tari ya mutu, Malam Musbahu na zaune a miƙe da martabarsa, sai a hankali shi da babur su kwanta gefe guda kamar buhun gero. Isyaku ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa.

Haka aka yi ta yi. Gwiwa ta goge, wando ya yage, matarsa Rabi'atu ta gaji da dafa ruwan gashi. Da Nazeer ya ga ƙafar, ransa ya ɓaci.

"Baba, don Allah. In aka sake faɗuwa, a haƙura da abin nan."

Malam Musbahu ya ce ya yarda. Shi kuwa in ya ce ya yarda, ya yarda ke nan.

Washegari bai tayar da babur ba. Ya zauna gefen filin yana kallon ƙafarsa yadda yake kallon injin da ya ƙi tashi. A sana'arsa ba a faɗa da tsohon ƙarfe, lallaɓa shi ake yi a bi da shi ta inda ya saba. Ƙafar nan ba za ta daina neman abin takawa ba, to a ba ta. Ya hau babur a kafe, ya riƙa jan birki yana zare ƙafar gefe kaɗan, yana danna ƙasa da ƙarfi kamar kuloci.

"Me kake yi haka?" in ji Isyaku.

"Na mayar da kulocina ƙasa."

Bai gama sabawa ba waya ta shigo daga Yakasai. Alhaji Gali ne, tsohon ɗan kasuwar Kurmi, mai wata farar Starlet da Malam Musbahu ya raina tun tana sabuwa. Ta daɗe a mace, 'ya'yansa sun kira 'yan gwangwan, masu sayen mataccen ƙarfe, suna nan tafe kafin azahar.

"In ba za ka iya zuwa ba, Malam, shi ke nan," in ji Alhaji, murya a sanyaye.

Ya karɓi aron babur ɗin Isyaku, ya ɗaure akwatin sifanu a baya da robar taya, ya tattare rigarsa ya cusa a cinya, ya yi bisimilla. Ya san ko a gaban wa ya kife, labari zai riga shi isa gida. Titi ya cika da 'yan adaidaita sahu, kowa na kutsa kai. A mahaɗar Mandawari mai ba da hannu ya ɗaga masa tafi kwatsam. Ya ja birki. Ƙafar hagu ta zabura neman kulocinta, ta same shi a kan kwalta, daram. Babur ya tsaya yana kaɗawa, Malam Musbahu na bisa. Wani direba ya yi masa hon, shi kuwa murmushi yake yi shi kaɗai.

Ya tarar 'yan gwangwan har sun sauke kurarsu. Ya yi sallama, ya kafe babur, ya ɗaga bonet. Ya wanke kafireta da fetur, ya goge filogi, ya sa aka aro batir a maƙwabta. A bugu na farko ta yi tari, a na biyu ta kama, hayaƙi ya cika lungun. Alhaji Gali ya dafa rufin motar, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Allah ya yi albarka." 'Yan gwangwan suka juya kurarsu ba kaya.

Da la'asar ya shigo Gwammaja, Nazeer na tsaye a ƙofar gida. Ya duba gwiwar uban, ya duba rigar, babu ƙasa ko kaɗan, sai baƙin mai har gwiwar hannu. Ya zo ya kama kwance akwatin.

"Bar shi a ɗaure," in ji Malam Musbahu, farin ciki fal cikinsa. "Gobe da safe ina da Golf a Sheshe."