Wanda Aka Kayar Shi Ke Tuƙa Tuwo

Shekara bakwai ke nan da Malam ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni matarsa ce, kuma ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido bakina bai iya kama sunansa ba. 'Yan Damagaram mazauna Lyon sun san wanda nake nufi: dogon nan da ya ƙare ƙarfinsa a izin, wato masana'antar haɗa manyan motoci ta Vénissieux a gefen Lyon, wanda in ya soma zancen balo, wato ƙwallon ƙafa, a ƙofar masallaci sai an ja masa riga kafin ya ji an ta da salla.

Masu wa'azi sun faɗi alherinsa ranar da aka kai shi, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni abin da zan faɗa yau wani ne dabam, wanda da can nake ɗauka wasan banza ne na manyan maza biyu da suka ƙi girma.

Malam yana da taubashi, Alhaji Habu, mai shagon atamfa da turare a Goutte d'Or ta birnin Paris. Uban Malam da uwar Habu ciki ɗaya suka fito. Kun san tsakanin ɗan mace da ɗan namiji: ba kunya, ba fushi, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya sai ya haɗiye. Tare suka taso a unguwa ɗaya, tare suka ƙetaro teku, sai arziki ya raba musu gari. Malam ya kama ƙungiyar ƙwallon Lyon da hannu biyu, Habu ya kama ta Paris. To da yake a nan ba kasuwar ƙauye da za a haɗu a yi tsiya, ba bikin da za a yi wa juna dariya a gaban jama'a, sai suka kafa wa kansu doka. Duk ranar da ƙungiyoyin nan biyu suka kara, gidan wanda aka kayar shi ke tuƙa tuwo. Wanda ya ci zai kwaso iyalinsa kaf, ya hau jirgin ƙasa, ya zo ya ci. Mai gidan da kansa zai ɗauki buta ya zuba masa ruwan wanke hannu, sa'annan ya tsaya ya yi wa ƙungiyar da ta kayar da shi kirari. In aka yi canjaras kuwa, kowa ya ce shi ya ci, sai a ci tuwo sau biyu.

An yi wasu shekaru da Lyon ba ta da abokin karawa a ƙasar nan. A shekarun nan na san hanyar Paris kamar hanyar rijiya. Zan iya rufe ido in hau matattakalar gidan Habu, wadda ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, in tarar da matarsa Hajiya Zainabu tana kaɗa miyar kuka tana tsine wa masu tsaron gidan Paris. Habu zai fito da buta, fuska a murtuke, Malam zai miƙa hannu a hankali kamar sarki, ya ce masa, "Zuba da ladabi, bawa. Ruwan ya yi sanyi, a ɗumamo." Yaranmu da nasu suna kwance a tabarma ɗaya suna mutuwa da dariya. Haka suka san juna. Haka suka ji Hausa ana yin ta da daɗi, ba ta faɗa da aike kaɗai ba.

Daga baya masu dukiya suka sayi ƙungiyar Paris, suka dinga sayo mata gwanaye daga kowace kusurwa ta duniya. Sai tukunya ta dawo gidana. Na tuƙa tuwo har kafaɗata ta sani. Malam ya zuba ruwa, ya yi kirari, amma bai taɓa sakin maganarsa ba. Cewa yake kayan aro ba ya rufe katara. Cewa yake, ka tara zakaru goma a akurki ɗaya, cara za ka samu, ba ƙwai ba. A ganinsa ƙungiya gona ce: ka shuka yaro, ka yi masa noma, ka jira shi. Wanda ya sayi damin hatsi a kasuwa ya ci yau, amma ba shi da iri. Yakan nuna Habu da yatsa ya ce, "Ku ci ƙasar nan yadda kuke so. Babban kofin Turai dai ba za ku taɓa shi ba sai ranar da manyanku suka tafi, kuka samu yaran da ke gudu saboda juna." Habu kuwa sai ya ce wanda ke riƙe da buta bai kamata ya yi dogon jawabi ba.

Ba a balo kaɗai bakinsa ya tsaya ba. Ƙwallon kwando, da farko raina shi ya yi. Wai wasan da ake ci kowane numfashi, cin ba shi da daraja, kamar gaisuwar mai neman bashi. Sai da ya je ya gani da idonsa a maƙwabciyar unguwarmu, inda ke da tsohuwar ƙungiya mai suna, ya dawo yana cewa ya tuba. Mutum biyar ne kamar yatsun hannu, in ɗaya ya yi lalaci lomar ba ta kai baki. Ya ƙara sonsa da ya gane a lokacin Paris ba ta da abin nunawa a kwando, ya samu sabuwar bulalar dukan Habu. Akwai kuma wani hunturu da abokin aikinsa ya ja shi kallon wasan da ake yi da sanduna a kan ƙanƙara. Ya dawo da mura da labari. Ya ce abin da suke bugawa ɗan baƙi ne kamar ƙosan da ya ƙone, har aka tashi bai gan shi da kyau ba. Amma abu biyu suka burge shi. Wanda ya gaji yana fita wani ya shigo ba tare da an tsaida wasa ba, kamar gayya a gona. Kuma ƙarti da suka yi ta maka juna da bango, ana gamawa sai su jeru su yi musabaha. Ya ce waɗannan ko ba su sani ba taubasai ne.

Ciwonsa bai daɗe ba. Habu ya zo jana'iza, ya zauna zaman makoki, ya koma. Daga nan wayarsa ta zama ta salla zuwa salla. Ina kwana, ina gajiya, ya haƙuri, Allah ya jiƙan Malam, a gaida yara. Ƙungiyoyin suka ci gaba da karawa, ba wanda ya ɗora tukunya. Ni ina ganin bai dace mai takaba, ko wadda ta fita takaba, ta tada zancen wasa ba. Shi kuma yana ganin rashin kunya ne ya yi wa gidan marayu dariya. Kunya ta tsaya a tsakaninmu kamar katanga, kowa yana girmama kowa, zumunci yana bushewa. An ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa abin da ke ɗaga ƙafar an binne shi. Na gane nisan da aka yi ranar da aka ɗaura auren jikar Habu a Bobigny, can gefen Paris. An gayyace mu, amma 'ya'yana kowa ya ce aiki. A waya na ga hotuna. Na nuna wa jikokina amarya, suka tambaye ni wace ce. Jinin Malam ne ke tambayar wane ne jinin Habu. Ranar ban ci abinci ba.

To, bara, ana gab da babbar salla, abin da Malam ya faɗa ya faru. Ni ba mai kallon balo ba ce, amma a benayen unguwarmu ta Minguettes ba ka bukatar talabijin kafin ka san an ci. Bango ke faɗa maka. Ɗana Sani ya zo da safe ya ba ni labari, ransa a ɓace don shi ɗan Lyon ne kamar ubansa. Paris ta ɗauki babban kofin Turai. Na ce da waɗancan gwanayen da aka sayo? Ya ce a'a, Inna, duk sun watse. Yara ne, wasu ma gemu bai fito musu ba, kowa na gudu kamar shi kaɗai aka aika. Na ce maimaita. Ya maimaita. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Na zauna kusa da waya ina jira. Hantsi ya yi, azahar ta yi, shiru. Sai na hango Habu a zuciyata, tsoho a cikin shago, gari duka na kaɗe-kaɗe, shi kuwa abin da ya jira rabin rayuwarsa ya zo, mutum ɗayan da zai yi wa gori yana kabari. Na ce wa Sani ya kira mini shi.

Ya ɗauka da muryar ta'aziyya. "Hajiya, ina wuni, ya haƙuri?"

Na ce, "Habu, ajiye haƙurin nan tukuna. An ce kun ci."

"To, Hajiya, Allah ya nufa."

"Ka ci ka yi shiru? Ko an gaya maka gidan taubashinka ya rasa garin tuwo ne?"

Ya ce ai ba da Lyon aka kara ba, doka ba ta hau ba.

Na ce, "Lyon a Turai take ko a Tasawa? Wanda ya ci Turai ya ci mu a ciki. Ka kwaso su duka, har amaryar da ban gani ba."

Na ji numfashinsa ya sauya. Na ɗauka kuka zai yi, kuma ina jin ya yi kaɗan. Can sai ga tsohuwar muryar ta fito, wadda rabona da ita tun Malam na da rai. "Amaryar Lyon, ashe kina nan da bakinki? To ki sa man shanu da yawa. Zakarun Turai ba sa cin miya tsirara."

Na ce, "Zakarun da sai da suka bi maganar mijina suka ga kofi? Ku zo dai ku yi godiya."

Bayan salla suka zo, da sauran naman layya a gidana. Hajiya Zainabu da sandarta, 'ya'ya, surukai, jikoki, har da na goye. Ɗakin bai ɗauke mu ba, aka buɗe ƙofa wasu suka zauna a baranda. Da aka sauke tuwo sai kowa ya tuna akwai aikin da mai yin sa ba ya nan. Sani ne ya tashi, mutum mai furfura a gemu, ya ɗauko buta ya durƙusa gaban Habu. Hausarsa ta sha ruwan Faransanci, kirarin ya fito a karkace, amma ya yi shi har ƙarshe: Paris giwa, Paris mai taka kowa. Habu ya miƙa hannu yana kallon sama don kada a ga idonsa, ya ce ruwan ya yi sanyi. Kafin a kwashe kwanoni jikokin gida biyu sun kaure da gardama, rabi da Faransanci rabi da Hausa, suna nuna wa juna yatsa. Wata 'yar Bobigny ta ce wa jikana ƙungiyarsu ta tsofaffi ce, shi kuma ya ce tasu ta 'yan haya ce. Ban taɓa jin rashin kunya mai daɗin wannan ba.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. An ce har a kwando Paris ta miƙe, ta daina zama abin dariya. Wannan zai yi masa ciwo, zai ce sa'a ce. Kuɗin da ake zubawa a kan yaro ɗaya yanzu, na san zai kama baki. Kofin kuwa, ba zai bar Habu ya ji daɗinsa shi kaɗai ba. Zai zuba ruwan, ya yi kirarin, sa'annan ya shekara yana cewa shi ne mai horar da su daga nesa. Kuma zai yi gaskiya.

Bai bar gida mai bene a Damagaram ba, bai bar suna a jarida ba. Izin ɗin da ya ba ƙarfinsa ko hotonsa ba su rataye ba. Abin da ya bari shi ne dalilin da zai sa mutum ya bar aikinsa ya hau jirgi don ya je ya ci tuwon ɗan'uwansa. Mu muna ganin gardamar balo yake yi, ashe igiya yake tufkawa, kuma da ta saki ba ta tsinke ba.

Yanzu yaran sun karɓe dokar daga hannunmu, har sun faɗaɗa ta. Kwando ya shiga, wasan mata ma ya shiga, don 'yan matan gidan sun ce ba za su yarda a tuƙa tuwo a kan maza kaɗai ba. A wasan mata kuwa Lyon ba ta wasa. Kwanan baya matanmu suka kayar da na Paris, washegari waya ta yi ƙara. Amaryar Bobigny ce, wadda jikokina suka taɓa tambayar wace ce.

Ta ce, "Kaka, an ce wannan karon ni zan tuƙa. Ku nawa za ku zo?"

Na ce mata kada ta ƙirga mu, ta dai ari babbar tukunya.