Ɗakin da Yaya Auwalu ya ɓoye mana

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Auwalu, Allah ya jiƙansa. Na ɗauka na gama saninsa, sai watan jiya na gane ko rabi ban sani ba.

Mu huɗu ne a wani ɗan shago a Limawa: shi, da ni, da Murtala mai tayar da bango, da Hadiza mai sa launi da haske. Aikinmu gina wurare a cikin kwamfuta, irin waɗanda mutum zai shiga ya juya ya ga gaba da baya. Kowa ya yi nasa ɓangaren, Yaya ya harhaɗa. Kwamfutarmu kuwa tsohuwa ce, da an ɗora mata nauyi sai ta sandare. Don haka ya kafa doka guda: abin da kyamara ba za ta gani ba, ba a gina shi. Na taɓa kwana biyu ina ƙawata bayan wani rumbu, ya zo ya goge a gabana. Na yi mako ba na gaishe shi da kyau.

Aikinsa na ƙarshe tsohuwar unguwarmu ce ta Taura, yadda take kafin ruwa ya cinye gidajen ƙasa, har da namu. Lungu ne da zaure da ƙofofi a rufe. Bai gama ba ajali ya zo, mu kuma muka kasa buɗe aikin.

Watan jiya wasu matasa masu fim ɗin zane suka nemi unguwa irin ta da. Murtala ya ce mu ba su aikin Yaya, ai gara a gani da ya ruɓe a faifai. Da muka buɗe, nauyinsa ya ba mu mamaki. Ni kuwa, ɗalibin kirki, na kama bin dokar malamina. Duk abin da ke bayan bango na dinga zaɓa ina gogewa ban leƙa ba, ina adanawa a kan kwafin da babu wani sai shi. Yini guda ina wannan ɓarna, har ina jin daɗin kaina.

Saura dunƙule ɗaya Hadiza ta ce, "Dakata, Sani. Wannan ya fi unguwar duka nauyi. Mene ne a ciki?"

Ta tura kyamara ta ratsa ƙofar gidanmu. Ɗakin Inna ne, mahaifiyarmu. Ga gadon ƙarfenta da bulon da aka tokare ƙafarsa ɗaya. Ga jeren kwanoni, har da wanda ya lotse. Ga ƙusar da take rataye carbi, ga tsagar bangon da muke ɓoye alawa. Mutumin da ya goge mini bayan rumbu, shi ya zauna ya gina wannan duka a inda babu idon da zai kai, bai gaya wa kowa ba. Da na duba sunayen abubuwan da na riga na goge, sai na ga "madafi", na ga "turken akuya", na ga "rijiya". Na fita waje na zauna a bakin kwata.

Ina tambayar kaina me zai ce da zamanin nan. Yau yaro zai rubuta wa na'ura jimla biyu, ta zubo masa gari sukutum kafin shayi ya huce. Na san zai yi tsaki, sannan ya ja kujera ya koya, don shi ba ya ƙin sabon abu. Sai dai wace na'ura ce ta san ƙafar gadon Inna da ta karye? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun kai wa Inna aikin a gidan ƙanwata, mu ukun. Da ƙofar ta bayyana a fuskar kwamfuta, sai da ta yi sallama kafin Hadiza ta shiga da ita. Ta daɗe tana kallo, tana share ido da gefen mayafi. Can ta ce, "Ɗiyata, juya ni waje in ga madafina."

Hadiza ta dube ni. Na ce, "Inna, ya gina shi. Ni na goge, ban sani ba."

Na zaci faɗa, don na cancanta. Sai dai ta ce, "Kai da ma tun kana yaro ba ka duba abu kafin ka zubar. Jawo tabarma. Murhu yana hannun dama, in ka fito."

Dokar Yaya har yau muna bin ta a aikin mutane, gaskiya ce, tana sauƙaƙa nauyi. Amma abin da ya rage mini nasa shi ne wurin da ya karya ta. Duk Asabar yanzu muna zuwa wajen Inna da kwamfuta, tana faɗa muna ginawa. Makon jiya muka gama rijiya. Ta ce ta Auwalu za ta fi wannan kyau, kuma ban yi musu ba.