Goron da Baba ya juye a aljihu

Yau jikata ta miƙo mini goro a faranti, dariya ta kusa kayar da ni daga kujera.

Ina 'yar shekara tara Baba ya kwashe mu daga Inugu zuwa Anacha hutu, mu ga sabuwar gada. Sau biyu muka tsallaka ta da ƙafa, Inna na ƙanƙame da ƙarfe tana salati. Muka zaga babbar kasuwa, muka ci soyayyen kifi har yaji ya sa mu hawaye.

Da la'asar Okeke, abokin Baba ɗan Ibo, ya gayyace mu gidansa cin sakwara. Kafin abinci aka kawo goro huɗu a faranti, aka fara miƙa wa Baba. A al'adarsu taɓawa kawai baƙo yake yi, ya mayar a yi addu'a a fasa. Baba kuwa ya ce madalla, ya juye duka a aljihu.



Okeke ya ce, "Malam, mu fa ba ma cin abinci sai an fasa goron nan."

Baba ya ce, "To ku da kuka ba ni, ba ku ajiye naku ba?"

Okeke ya yi dariya har ya ƙware.

Bayan 'yan watanni rikicin ƙabilanci ya ɓarke, zama ya gagare mu a Inugu. Okeke ne ya zo har unguwarmu Ogui, ya ɓoye mu a motarsa ya kai mu tashar jirgin ƙasa. Ta taga ya damƙa wa Baba goro huɗu, ya ce, "Wannan kam na aljihu ne."

Ba mu sake ganinsa ba.

Wa ya taɓa kwafsawa a gidan mutane, aka ƙara sonsa? Ku ba ni labari.