Arzika Magini da Ɗakin Inna Dije

Arzika magini mutumin Ƙofar Kware ne. A nan aka haife shi shekara sittin da takwas da suka wuce, a cikin soron da kakansa ya gina, kuma soron yana nan tsaye. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana, yatsunsa sun lanƙwashe kaɗan saboda riƙon tubali.

Lokacin da ya tashi, in mutum ya shiga ɗakin Sakkwato da tsakar rana a bazara sai ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya. Katanga kaurinta ƙafa biyu a gindi, rufi na azara da ƙasa, taga ƙarama can sama kusa da rufi. Sai bulo da kwano suka shigo gari, mutane suka yi ta rushe na iyayensu. Arzika bai yi gardama da zamani ba. Ya koyi jera bulo, ya shekara talatin yana gina wa mutane ɗakunan da shi kansa ba zai iya ƙailula a cikinsu ba.

Shekara biyu da suka wuce, bayan an gama girbin gero, wani malamin kimiyya na makarantar sakandare mai suna Sharifuddeen ya zo ya same shi. Mahaifiyarsa, Inna Dije, tana zaune a Dundaye cikin ɗakin kwano, tana fama da hawan jini. A bazarar da ta gabata sau biyu aka ɗauke ta zuwa asibiti a sume, likita ya ce zafi ne, kuma ya ce ba lallai ta jure wani irinsa ba. Wuta ba ta tsayawa balle fanka ta yi amfani, hayaƙin janareto kuma yana sa ta tari.

"Baba Arzika," in ji Sharifuddeen, "na karanta cewa a wasu ƙasashe yanzu ana gina gida mai riƙe sanyinsa da kansa, ba inji. Katanga mai kauri, inuwa, hanyar iska. Ina cikin karatu sai na ga ai soron kakana ne suke kwatantawa."

Arzika ya dube shi. "Sai da Bature ya rubuta maka kana ka yarda?"

"Ai shi ya sa na zo neman gafara."

Suka shirya zai gina wa Inna Dije ɗakin ƙasa a filin gidanta. Kafin a sa diga a ƙasa, Arzika ya yini cur a filin, daga hantsi har magariba, yana kallon inda rana take bi da inda inuwar dogon yaro take faɗawa. Ya sa ƙofa ta dubi arewa. Katangar yamma, wadda ranar la'asar ke duka, ya bar ta babu ko taga. Aka jiƙa jar ƙasa da ciyawa ana tattakawa har ta ruɓe, aka yi tubali, ya bushe sati biyu. Layi huɗu yake ɗorawa a rana, ba ya ƙarawa ko an roƙe shi, don na ƙasa ya sha iska. Azara kuwa daga wani tsohon gida da ake rushewa kusa da Hubbare ya samo ta, ya ce ta fi sabuwa, gara ta gwada ta shekara tamanin ta haƙura.

Ƙarshen watan Fabrairu aka gama rufi. Saura yaɓen waje da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da ƙasa don ruwan sama ya zame. A ranar ne aka aiko masa cewa yayarsa ta rasu a Wurno. Ya tafi, ya kwana tara.

Da ya dawo Dundaye sai ya tsaya a bakin gida. Katangar nan huɗu sun zama toka-toka, sumul. An yaɓe su da siminti.

Aikin Alhaji Attahiru ne, ƙanen Inna Dije, mai sayar da yadi a kasuwa. Ya zo duba ginin, ransa ya ɓaci, ya kawo ma'aikata da buhu goma sha biyu, suka gama cikin kwana uku. Sharifuddeen yana tsaye aka yi, bai iya hanawa ba, don kawunsa ne kuma shi ya riƙe shi a makaranta.

Arzika ya zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa katanga da bayan yatsa. A wurare da dama ƙarar ta fito kamar ta ƙwarya. Ya sa aka kira Alhajin, suka tsaya a tsakar gida, Inna Dije tana zaune a tabarma ƙarƙashin dogon yaro.

"Alhaji, siminti bai kama ƙasa," ya ce. "Ƙasa numfashi takai. Wanga yaɓe zai tsage, ruwa shi shiga ta baya, shi rasa mafita. Daga waje kana ganin katanga lafiya, cikinta ya zama kunu. Damina biyu ta zube, ko ɗaya in ta yi ƙarfi. Kuma mutum za a sa ciki."

"Kai dai, malam magini, an taɓa maka aiki ne," in ji Alhaji Attahiru. "Ɗanta yana cin albashi, ƙanenta yana da rumfa uku a kasuwa, sannan a ce Dije ɗakin ƙasa take kwana? Da wane ido zan dubi mutane?"

"To ni ba ni sa hannuna. In ba a ɓamɓare ba, a nemi wani shi gama, kuma kada a ce Arzika ya gina."

Sharifuddeen ya sunkuyar da kai. Saura sati huɗu zafi ya kama sosai, kuma duk sun sani.

Inna Dije ta ajiye mafici. "Attahiru."

"Na'am, Yaya."

"Ni da kai, wane irin ɗaki anka haife mu?"

"Wannan ai da ne."

"Mutanen ga da kake jin kunya, bara da na faɗi, wane ne cikinsu ya zo ya yi mini fifita? Ɗauki sauran simintinka ka shafe katangar waje ta bakin hanya, su gani su ji daɗi. Ɗakina kuwa ku bar wa tsohon ga. Ko ya faɗo, ni da shi za a tambaya, kuma dukanmu mun kusa."

"Ki yi maganar kanki, Hajiya," in ji Arzika. "Ni da saura."

Alhaji Attahiru ya kaɗe rigarsa ya fita. Ya yi wata biyu bai taka gidan ba.

Kwana shida Arzika ya yi yana ɓamɓare simintin da ƙaramar guduma da kurfi, a hankali, don kada ya ja tubali ya biyo. Inda ya ci ƙasa sai ya cike ya jira ya bushe. Sannan ya yi makuba hawa biyu, ya gyara indararo huɗu. Ran biyu ga Afrilu aka shigar da gadon Inna Dije. Sharifuddeen ya rataya ma'aunin zafi ɗaya a ciki, ɗaya a waje, yana rubutawa kullum bayan azahar. Ranar da ta fi tsanani, waje arba'in da huɗu, ciki talatin da uku. Bazarar ta wuce ba a kai ta asibiti ba.

A watan Agusta aka yi ruwa mai ƙarfi da iska daga gabas, tun safe har la'asar. Washegari Arzika ya hau kabu-kabu ya tafi Dundaye ba wanda ya kira shi. Ya zagaya ɗakin sau biyu. A gindin katangar gabas ruwa ya wanke makuba kamar faɗin tafin hannu, nan kaɗai. Ya kwaɓa ƙasa a tsohon kwano ya toshe. Da ya gama ya yi sallama a bakin ƙofa, Khaula, jikar Inna Dije, ta leƙo ta ce Inna barci take. Ya ce a ƙyale ta, ya wanke hannunsa ya koma gari.