Hannun da Inna Ta Ƙi Bari In Ɓoye

Ranar Litinin, tara ga watan Maris, ina shirya gado a ɗakin haihuwa aka zo aka ce mini Allah Ya karɓi ranki, Inna. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Ke ce shugabarmu, mu ungozomomi, amma ba mai kiranki da muƙami, har likitoci Inna suke cewa. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji.

Ke kaɗai kika san irin matsoraciyar da kika horar. Haihuwar farko da na karɓa, jaririn bai zo da rai ba. Likita ya ce tun a ciki ya rasu, amma ni na riga na yanke wa kaina hukunci cewa hannuna ba shi da sa'a. Na yi ta nanata wa kaina wannan magana har ta zauna daram. Da na ji mai naƙuda ta fara nishi, sai in tsiri neman almakashi a wani ɗaki. Ƙanwata ta haihu na ƙi ɗaukar ɗanta, ta yi fushi ta ɗauke ƙafa daga gidana, ni kuma na kasa faɗa mata dalili.

Wata safiya kika ritsa ni ina wanke hannu, bakina na motsi. Kika ce, "Da wa kike faɗa?" Na ce ba kowa. Kika ce, "Na ji ki sarai. Da wata ce ta gaya miki abin da kike gaya wa kanki, da tuni kun dambace."

Ba ki yi mini wa'azi ba, doka kika kafa mini: muddin ina ɗakin nan, abin da idona ya gani kaɗai zan faɗa, kuma a fili. "Kai ya sauko. Cibiya ba ta naɗe wuya ba. Uwa na numfashi daidai." Haka na riƙa yi kamar mai karanta labarai, abokan aiki na ƙunshe dariya, ke kuma kina tsaye a bayana, kin harɗe hannu, ba ki taɓa komai. Ranar da ƙanwata ta kawo ɗanta allura, ƙwace shi kika yi, kika dangwara mini a cinya, kika yi tafiyarki. Abin da ya shirya ni da ƙanwata ke nan.

Yanzu ban sani ba, dokar ce ta riƙe ni ko tsayuwarki a bayana. Tunda kika tafi, tsohuwar muryar nan ta dawo, har ta fi da ƙarfi. Nakan waiwaya in neme ki, sai in ga bango.

Jiya na je gaisuwa gidanki. Autarki, wadda cikinta na fari ya shiga watan haihuwa, ta ja ni gefe. Ta ce, "Yaya, Inna ta ce ko tana nan ko ba ta nan, ke za ki karɓi haihuwata." Na ce akwai waɗanda suka fi ni. Ta ce, "Ta gaya mini haka za ki ce." Ta kama hannuna, ta ɗora a kan cikinta, ɗan ya motsa. Na ce to. Na riga na amsa, Inna, kuma ba zan tura wata ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna gwargwadon rayukan da suka iso duniya ta hannunki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki da dukan dangi, Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya sauke autarki lafiya, Ya tsayar mini da zuciyata ranar da za ta kira ni.